Noman hop a gida inda rana ke da zafi: littafin aiki daga Maris zuwa Satumba

2 ga Maris

Saiwoyin hop shida sun iso a leda da ɗan danshinsu, iri uku: Cascade uku, Nugget biyu, Fuggle ɗaya. Hop tsiro ne mai yaɗo, mace da namiji, kowanne a tushensa daban, kuma macen ce kaɗai ke yin dunƙulen furen da ake nema, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ake kuma jiƙa shi a abin sha marar sa maye. Wanda ya shuka ƙwayar iri bai san abin da zai fito masa ba. Shi ya sa ake yanko guntun saiwa daga uwar da aka san halinta.

Cascade da Nugget irin Amurka ne, na farkon an fito da shi a 1972, na biyun a 1983, kuma duka an san su da jure zafi fiye da tsofaffin irin Turai. Fuggle tsohon irin Ingila ne mai son sanyi da laima. Mun saka shi ne don gwaji kawai, ba ma sa ran komai daga gare shi.

Kowace saiwa tsawonta santimita 10 zuwa 15, kaurinta kamar ɗan yatsa. Abin dubawa shi ne idanu, wato farare ko jajayen ƙurajen da toho zai fito daga cikinsu. Biyar suna da idanu biyu ko fiye kuma suna da tauri. Nugget ɗaya ta yi laushi a gefe guda. Mun yanke wurin har muka tarar da farin nama. An binne su a kwance, idanu na kallon sama, zurfin santimita 4, a ƙananan tukwane masu cin lita 5, aka ajiye inda hasken safe kaɗai ke samun su. Ruwa kofi ɗaya, sannan babu ƙari sai saman ƙasar ya bushe.

16 ga Maris

Biyar sun tsiro. Nugget ɗin nan mai laushi ta ruɓe, da muka tono ta sai wari. Saiwar da ba ta riga ta yi jijiyoyi ba ba ta shan ruwa, zaune kawai take a cikinsa, ga ƙasa da ɗumi, ruɓa kuwa abin da take jira ke nan. Saura biyar: Cascade uku (C1, C2, C3), Nugget ɗaya (N1) da Fuggle (F).

30 ga Maris

Dashe da kafa rumfa.

Kowane tushe ya samu rabin duron roba mai cin lita 100. An huda gindin kowanne ƙofa goma sha biyu da ƙarfe mai faɗin milimita 12, aka ɗora shi a kan bulo don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasa mai laushi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki wanda ya gama hucewa, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa. An gauraya giram 30 na NPK 15-15-15 a kowane duro, nesa da saiwa. Awon pH, wato tsami ko kanwar ƙasa, ya nuna 6.6, hop kuwa tsakanin 6 da 7 yake so. Dalilin zaɓen duro a kan ƙasa kai tsaye shi ne tsutsar saiwa, wadda ke yawa a ƙasa mai yashi da ɗumi, tana sa jijiyoyi su yi ƙulli-ƙulli har shuka ta tsumbure.

Rumfar: turakun ƙarfe biyu, kowanne mita 4.5 a saman ƙasa, da waya mai kauri a tsakaninsu. Manyan gonaki na kai mita 5.5 a Amurka, a Jamus ma har mita 7, amma a gida wannan ya isa. Daga wayar an sauko da igiya biyu zuwa kowane duro, sun buɗe sama kamar baki. Igiyar ta zaren ɓawon kwakwa ce, mai kaushi. Hop ba shi da hannayen kamu irin na kabewa. Jikinsa ne yake naɗawa, yana maƙalewa da wasu ƙananan gashi masu ƙugiya, saboda haka a igiyar roba mai santsi zamewa yake yi. Kowace igiya ta bi ta cikin zoben ƙarfe a sama ta dawo ƙasa kamar igiyar tuta, don ranar girbi a sassauto ta ba sai an hau tsani ba.

Sai fitila, wadda ita ce ainihin wannan aiki. Ƙwan LED fari mai wat 9 guda uku, irin na waje da ruwa ba ya shiga, an rataye su a wayar sama, mita biyu tsakani, aka haɗa su da agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa. Yana kunnawa daf da faɗuwar rana, ya kashe ƙarfe 11 na dare. An ɗauke C3 an kai ta bayan bango inda hasken ba ya isa, da igiyarta ita kaɗai.

13 ga Afrilu

Yawancin masu gwada hop a ƙasar zafi suna ɗora laifin gazawarsa a kan zafi. Zafi na da nasa, za a gan shi nan gaba, amma babban abin da ke karya shi tsawon yini ne. Gonakin hop na duniya kusan duka suna tsakanin digiri 35 da 55 daga ikwaita, wato layin tsakiyar duniya: kwarin Yakima a Amurka, Hallertau a Jamus, Kent a Ingila. A can yinin tsakiyar bazara na kai awa 16 ko kusa da haka. Muddin yini na da tsawo, hop hawa kawai yake yi yana ƙara gaɓa da ganye. Da yini ya fara gajarta ya sauko ƙasa da wajen awa 15, sai ya daina tsawo ya juya ga fure. To inda yini bai taɓa wuce awa 13 ba, shukar a kullum gani take lokacin fure ya yi. Da zarar ta tara gaɓoɓin da suka ishe ta balaga, kamar 12 zuwa 25 gwargwadon iri, sai ta yi fure tana guntuwa, ba rassan gefe, ba amfani.

Fitilar yaudararta take yi. Awa 12 na rana da awa 5 na ƙwai sun zama 17. Ba a buƙatar haske mai ƙarfi, domin ba ciyar da ganye ake yi da shi ba, gaya wa shukar kawai ake yi cewa dare bai yi ba tukuna. In ana iya karanta rubutu a gindin duro, ya wadatar. Dabarar ba sabuwa ba ce: da ita ake noman hop a yankin George na Afirka ta Kudu da kuma Barazil, kuma cibiyar binciken Jami'ar Fulorida da ke kusa da Tampa tana girbi sau biyu a shekara da ita.

Yau aka ɗora yaɗo a igiya. Toho na farko da kan fito da kauri, launinsa ja-ja, gaɓoɓinsa nesa da juna, cikinsa rami ne, kuma iska kaɗan ke karya shi. An yanke irinsa. An zaɓi masu matsakaicin kauri da suka kai santimita 50, biyu a kowace igiya, sauran an datse su daga gindi. Naɗin yana bin juyin hannun agogo in kana kallo daga sama. In aka naɗa shi ta ɗaya gefen, kafin gobe ya warware kansa ya faɗo. A yi wannan da rana tsaka lokacin da yaɗon ya yi laushi, domin da sassafe yana cike da ruwa, ƙaris yake karyewa, in kan ya karye kuwa an yi asarar mako biyu.

27 ga Afrilu

Zafi ya kai digiri 39 a inuwa kwana huɗu a jere. Ganye na yin yaushi tun ƙarfe 11, gefensu na ƙonewa, alhali ƙasar na da danshi. Mun soka ma'aunin zafi santimita 10 cikin duro ta gefen yamma da ƙarfe 3: digiri 41. A tsakiyar duron 33. Da muka ɗan tona gefen, jijiyoyin da suka taɓa roba sun zama ruwan kasa, sun dahu. Ashe ba ƙishi ke damun ganyen ba, bakin shan ruwan ne ya mutu. Ƙara ruwa a nan ruɓa zai kawo.

Abin da aka yi: an shafe durorin da farin fenti, an naɗe gefen yamma da buhu, an lulluɓe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 8 ba tare da ta taɓa karan ba. An kuma ɗaura ragar inuwa mai tare kashi 30 na haske a tsaye ta yamma, yadda rana za ta same su daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe 1, daga nan raga ta karɓa. Bayan kwana biyu gefen duron ya sauko 31.

Ruwa yanzu lita 5 da asuba, lita 3 da la'asar, a gindi. Yuriya giram 5 a lita 10 na ruwa duk kwana goma, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

F ta tsaya a santimita 70, ganyenta ƙanana.

9 ga Mayu

C3, wadda ba ta ganin fitila, ta fara fure. Tsawonta mita 1.4, gaɓa 19. Kan yaɗon ya daina neman igiya, ya ƙare da 'yan tuntaye masu fararen gashi. C1 da C2, 'yan uwanta da aka dasa rana ɗaya a ƙasa iri ɗaya, suna mita 2.6 da 2.4, babu alamar fure, suna ƙara santimita 10 zuwa 12 a yini. N1 na mita 2.1. Bambancinsu da C3 ƙwan wat 9 ne kawai.

Sabbin ganyen saman N1 sun yi rawaya amma jijiyoyinsu kore shar. Tsofaffin na ƙasa lafiya lau. Da ƙarancin naitirojin ne, daga ƙasa zai fara. Wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma ba don babu shi a ƙasar ba: ruwan ban-ruwa mai kanwa-kanwa ne, ya tura pH zuwa 7.7, a nan kuwa saiwa ba ta iya ɗaukarsa. An zuba wa kowane duro ruwa lita 30 a hankali ya wanke gishirin da ya taru, aka ba N1 maganin ƙarfe na shuka bisa awon da ke jikin kwalinsa.

20 ga Mayu

Jan gizo-gizo. Wannan ƙwaro shi ne abokin gabar hop a duk inda ake zafi da bushewa, kuma ba ya sallama. Alamar farko ɗige-ɗige ne farare a saman ganyen ƙasa, kamar an tsattsaga shi da allura. A juya ganyen: ƙura-ƙura ce a bayansa, da siririyar yana a kusurwar jijiyoyi. A kaɗa ganyen a kan farar takarda, a jira daƙiƙa biyar, sai ƙurar ta fara tafiya. Da gilashin ƙara girma ana ganin ɗigo biyu baƙaƙe a bayan kowanne, da ƙwayayensa kamar raɓa.

A zafin digiri 30 ƙwansa na ƙyanƙyashewa cikin kwana uku, daga ƙwai zuwa mai yin ƙwai kuma kamar mako guda. Saboda haka feshi ɗaya aikin banza ne, sabulu ba ya kashe ƙwai. Tsarin da muka bi: an tsige duk ganyen da ke ƙasa da santimita 80 aka fitar da su daga wurin, kowace safiya a watsa ruwa mai ƙarfi a bayan ganye daga ƙasa zuwa sama, sannan feshin sabulun ruwa marar turare mililita 10 da man darbejiya mililita 5 a lita ɗaya, sau uku, kwana huɗu tsakani. Feshin bayan faɗuwar rana ake yi. Mai ko farar wuta a kan ganye da zafin da ya wuce digiri 30 ƙuna ne. Maganin ƙwari mai kashe kowa da kowa kuwa mun guje shi, don yana share ƙwarin da ke cin gizo-gizon, shi kuma ya dawo ninki.

F ta fi kowa shan wahala. An raba ta da sauran.

1 ga Yuni

C1 da C2 sun kai waya, sun fara lanƙwasowa. N1 saura santimita 40. Rassan gefe sun fito daga kusan kowace gaɓa ta rabin sama, wasu sun kai santimita 40, kuma a kansu amfanin zai zauna. Daren yau an kashe fitila.

Lokacin kashewar shi ne hukunci mafi nauyi a duk aikin. A yi gaggawa, a samu irin C3. A yi jinkiri, yaɗo ya taru a sama ya cukurkuɗe, iska ta daina ratsawa. Mun ɗauki isa waya a matsayin alama.

An girbe C3 jiya: giram 45 ɗanye, dunƙule ƙanana kamar kan ɗan yatsa.

15 ga Yuni

C1 da N1 sun cika da tuntaye. C2 kuwa rabi da rabi: igiyar gabas ta yi fure, ta yamma ko ɗaya babu, sai ƙara ganye take yi. Sai da aka fita da dare aka gane. Fitilar tsaron da ke kan katanga tana haska wannan igiyar har gari ya waye. Hasken da ya isa ya hana fure da gangan ya isa ya hana shi bisa kuskure. An sa wa fitilar marfin kwano ta wannan gefen.

An dakatar da yuriya. Naitirojin bayan fure ganye yake ƙarawa, ya sa dunƙule su yi sako-sako, ya kuma gayyato ƙwari. A madadinsa fotash giram 10 a kowane duro. Ruwa ya kai lita 12 a yini, kuma yanzu ne ba a so ƙasa ta bushe ko sau ɗaya, don tuntun da ya sha ƙishi zubewa yake yi.

A reshe biyu na N1 an ga wasu 'yan ƙwallaye a jere kamar zangarniya, ba gashi. Furen namiji ne a jikin mace, abin da wahalar zafi kan jawo. Ba wani abin tashin hankali ba ne. An tsinke su.

6 ga Yuli

Ruwan sama ya sauka, gizo-gizo ya ja baya, fumfuna ta karɓi wurinsa. Iri biyu ne suka fi kama hop kuma ba a so a rikita su. Ɗaya farin gari ne a saman ganye. Ɗayar, wadda ta fi muni, tabo ne mai kusurwa, rawaya a sama, toka-toka mai duhu a bayan ganye, kuma tana sa toho ya fito a tsumbure da ganye a murɗe. Ta biyun muka gani a toho uku a gindin C1. An cire su har ƙasa, an tsige ganye zuwa mita ɗaya, an janye ciyawar daga kara, an sauke ragar inuwa don iska ta wuce. An daina watsa ruwa a ganye gaba ɗaya. Ba mu fesa komai a kan dunƙule ba. Duk abin da ya shiga tsakanin ɓawonsu ba ya fita.

F ta mutu. Da aka juye duron, saiwar ba ta fi yadda ta zo ba.

20 ga Yuli

Gwajin nuna. Hop ɗin da bai nuna ba yana da sanyi da laushi a hannu, in ka matse shi ya zauna a matse, ƙamshinsa na ɗanyar ciyawa. Wanda ya nuna yana ƙara kamar takarda, yana komawa yadda yake in ka sake shi, bakin ɓawonsa ya fara ja. A tsaga shi biyu a tsaye: a gindin kowane ɓawo akwai rawayan gari mai danƙo, lufulin, kuma shi ne dukiyar, ɗaci da ƙamshi duk a cikinsa suke. Ana so ya yi rawaya mai duhu, ya manne a yatsa. In aka ji warin albasa ko tafarnuwa, an makara.

Hannu na iya ruɗi, sikeli ba ya yi. An tsinko dunƙule daga sama da tsakiya, an auna giram 20, an busar da su ƙarƙaf har nauyi ya daina sauka. C1 ta ba da giram 4.0, wato kashi 20 cikin ɗari. Ana neman 22 zuwa 25. Sai an ƙara mako.

27 ga Yuli

C1 giram 4.6, kashi 23. An sassauto igiyoyi da safe bayan raɓa ta bushe. A sa riga mai dogon hannu, gashin yaɗon na yagar fata.

Ɗanyen nauyi: C1 giram 410, N1 giram 290, C2 giram 240 daga igiyar gabas kaɗai, ta yamma sai nan da mako biyu. C3 dai 45. Ga shekarar farko ba laifi, don yawancin ƙarfin shukar a ƙasa ya tafi. Dunƙulen sun fi na ƙasashen sanyi ƙanƙanta, kuma zafi mai tsanani lokacin nuna na rage sinadarin ɗaci, don haka kada a ɗauka Cascade ɗin nan ta kai kashi 4.5 zuwa 7 cikin ɗari da aka san irin da shi.

Busarwa nan take, domin ɗanyen hop a tare yana ɗumama ya lalace cikin yini guda. An baza su a kan raga, kauri bai wuce santimita 3 ba, a ɗaki mai duhu, fanka na busawa ta ƙasa. Ba a shanya hop a rana. Mai amfani da na'urar busarwa kada ya wuce digiri 60, ƙasa da haka ma ya fi wa ƙamshi. Lissafin gamawa: giram 410 a kashi 23 busasshen abu giram 94 ke nan, a bar danshi kashi 10, a raba 94 da 0.9, ya ba da 105. Da tiren C1 ya sauko giram 105 an gama. Alamar hannu ita ce kashin tsakiyar dunƙule ya karye maimakon ya lanƙwashe. Da laimar da ake ciki ya ɗauki kwana uku. An cusa su a leda mai kauri, giram 25 kowace, an matse iska, sai firiza.

Ragowar hop, ɗanye ko wanda aka dafa, guba ne ga kare, yana sa zafin jikinsa ya hau har ya kashe shi. A binne shi ko a rufe shi.

10 ga Agusta

An girbe igiyar yamma ta C2, giram 130. An datse duk yaɗo a bar santimita 10, an cire santimita 5 na saman ƙasa an maye da sabon taki, an sake kunna fitila. An dawo da C3 cikin sahu.

An daɗe ana cewa hop dole ya yi barcin sanyi na makonni kafin ya sake yin amfani, har wasu kan tono saiwa su sa a firji. Binciken da aka wallafa a 2019 daga Jami'ar Jihar Kolorado ya nuna yana yin fure ba tare da wannan sanyin ba in aka sarrafa masa haske. Za mu raba: C1, C3 da N1 su zarce zagaye na biyu, C2 kuma an tono ta, an wanke, an naɗe da jiƙaƙƙiyar takarda a leda, za ta yi mako shida a firji a digiri 3 zuwa 4. Saiwarta ta kai girman dunƙulen hannu, da sabbin rassa huɗu masu idanu.

1 ga Satumba

C1 ta fito da toho goma sha huɗu, an bar huɗu, suna mita 1.1. C3 na santimita 90, gaɓa 11, ba fure. N1 a hankali take, toho biyar, biyu daga cikinsu da tabon fumfuna, an cire. Jijiyoyin C1 sun fara leƙowa ta ƙofofin gindin duro, kuma ruwa ya fara jinkirin wucewa. Bayan wannan girbin sai an juye ta an rage saiwar. An duba C2 a firji, ba ruɓa, idanun sun kumbura kaɗan. Ranar fitarta 21 ga Satumba.